Kabad ɗin Malam Nu'uman

Gara ce ta tayar da maganar. Murja ta je Sabon Gari duba ginin bayan wani ruwa mai ƙarfi da aka tafka a ƙarshen damina, ta ɗaga tsofaffin zannuwan da aka lulluɓe kabad-kabad ɗin kicin da su, sai ta ga jar ƙasa ta yi zane daga gindin guda ɗaya ta hau kamar jijiya. Ta sa yatsa ta danna, katakon ya lotsa. Ta daɗe a tsugune tana kallon wurin kafin ta mayar da zanin.

Ginin na mijinta ne, Malam Nu'uman, kuma in an ce nasa, ana nufin da hannunsa ya yi shi. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da aikin katako a wata makarantar koyon sana'a. Da ya samu filin sai ya ce gida zai yi mai ɓangare huɗu, biyu a ƙasa biyu a sama, ya zuba ma'aikatan jami'a haya, ya zamo musu madogara ranar da ƙarfi ya ƙare. Bai nemi ɗan kwangila ba. Asabar da Lahadi da duk wani hutun makaranta yana can, shi ne jera bulo, shi ne filasta, ranar zuba dakin, wato rufin kankare, kaɗai ya yarda aka tara masa mutane. Ɓangarorin ƙasa suka tashi, aka sa ƙofofi da tagogi. A sama kuwa rodi ne kawai a tsaye suna jiran bulo. Kabad-kabad na kicin ɗin ɓangare guda ya ƙera su a rumfarsa ta gida, ya goge su, ya shafe su da fenti mai ruwan zuma, aka kai su ginin a amalanke. Saura a kafa su, sai wata safiya ya faɗi yana alwala.

Ɓarin jikinsa na dama ne ya shanye. Bayan zaman asibiti da zirga-zirgar gashin ƙashi ya dawo yana takawa da sanda, amma hannun dama yana rataye kamar na aro, magana kuma ta yi masa nauyi. Kalma takan zo har bakinsa ta juye ta zama wata, ko ta ƙi fitowa gaba ɗaya. Damina ta wuce, wata ta sake zagayowa, bai taɓa tambayar ginin ba, ita ma ba ta taɓa ambata masa ba. Ta kama keken ɗinkinta hannu bibbiyu, shi ya riƙe gidan tare da ɗan fanshon Malam.

Da ta dawo ta gaya masa zancen garar, ƙanensa Jamil yana nan ya zo gaisuwa. Jamil mai sayar da magungunan dabbobi ne a bakin kara, kasuwar shanu, mutum ne mai son a gama abu nan take. Ya ce ai wannan ba abin damuwa ba ne, akwai kafinta maƙwabcin shagonsa, gobe zai kai shi ya kafa su kafin azahar.

"A'a," in ji Malam Nu'uman.

Jamil ya ce to ko a kira ɗaya daga cikin ɗalibansa na da, da yawansu suna da shaguna a cikin gari, za su yi murna ma da an tuna da su. Wannan ta fi ta farko ɓata wa Malam rai. Ya juyar da fuskarsa bango har Jamil ya yi sallama ya tafi.

Murja ta wuni da abin a ranta. Ta san ba ya son wani ya ga aikinsa a yashe, ta kuma san ya fi ƙin ɗalibansa su gan shi yana neman kalma yana rasawa. Amma ta gaji. Ta gaji da lallashi, ta gaji da fassara shirunsa ga mutane. Da la'asar ta kawo masa kunu, maganar ta kuɓuce mata ba tare da ta shirya ba.

"To Malam, in ba za a kira kowa ba, kai za ka je ka kafa su?"

Tana rufe baki ta ji kunya ta kama ta. Shi kuwa ya ɗago ya dube ta sosai, irin kallon da ya daɗe bai yi mata ba, ya dubi hannuwanta da ke riƙe da kofin, sannan ya ce, "To."

Haka aka fara. Jamil yakan ɗauke su a motarsa da safe in zai tafi shago, ya sauke su da ɗan janaretansa da akwatin kayan aikin Malam, ya dawo ya kwashe su bayan azahar. Ranar farko bai ɓoye tunaninsa ba, ya ce wa Murja a bakin ƙofa wannan wahalar da kai ne, mace da injin huda bango ina aka taɓa gani. Ta ce masa ita ma ba ta taɓa gani ba, shi ya sa za ta rufe ƙofa.

Ta share kicin ɗin, ta yayyafa maganin gara a kowane lungu, ta ajiye wa Malam kujerar roba kusa da taga inda haske ke faɗowa. Ta cire hijabi ta rataye, ta ɗaure ɗankwali tam. Shi kuma ya buɗe akwatin da hannun hagu, ya riƙa ɗaga kayan ɗaya bayan ɗaya yana nuna mata. Wasu ta san su da ido, don ta sha share ƙurarsu a rumfa: zarto, guduma, tef na ƙarfe. Wasu sai ranar ta san amfaninsu, kamar lebur, dogon ƙarfen nan mai ɗan kumfa a cikin ruwa, wanda in kumfar ta tsaya a tsakiya abu ya daidaita. Awo bai ba ta tsoro ba, ta saba da tef a kafaɗun mutane. Sai dai ta gane yadi yana da yafiya, in ka yi kuskure ka saki ɗinki ka ƙara, katako kuwa abin da ka yanke ya tafi.

Da na ƙasa suka fara, tunda su ana iya tura su ba sai an ɗaga ba. Daɓen bai kwanta daidai ba, yana da ɗan gangare zuwa ƙofa saboda ruwan wanki, don haka kowane kabad sai an cusa masa 'yan guntayen katako a ƙafa. Murja ta durƙusa tana cusawa tana cirewa, Malam yana leƙen kumfar lebur yana buga sanda a ƙasa: sau ɗaya a ƙara, sau biyu a rage. Ba su tsara wannan ba, haka kawai ya zo, kuma ya fi magana sauri.

Injin huda bangon ne ya fi ba ta wahala. Karon farko da ta danna shi ya yi ƙara ya zame, ya zana wa filasta doguwar tsaga, ta sake shi ta ja da baya. Malam bai yi tsaki ba. Ya miƙe da sandarsa, ya zo bayanta, ya dafa kafaɗarta da hannun hagu ya tura ta gaba kaɗan, yana nuna mata da jiki ake danna shi ba da wuyan hannu ba. Ta sake gwadawa. Bulon ya fara zubar da farar ƙura a kan ƙafarta, bakin injin ya nutse. Ya buɗe baki zai ce ta ɗauko noti, sai ya ce, "Kawo gishiri." Ta tsaya da injin a hannu, ta yi ƙoƙarin danne dariyar ta kasa. Tana tsoron ransa zai ɓaci, sai ta ga kafaɗunsa suna girgiza, ɓarin bakinsa mai lafiya ya ɗage. Tun ranar da ya faɗi ba ta ji dariyarsa ba. Daga nan noti ya koma gishiri a bakinsu su biyu.

Wanda gara ta taɓa, gindinsa kawai ta ci. Ya nuna mata inda za ta yanke, ta yanke da zarto har tafin hannunta ya yi kanta, suka maye gurbin da sabon guntu. Fentin bai zo ɗaya ba, amma wurin yana fuskantar bango.

A cikin waɗannan safiyoyin ne wani tunani ya fara zama a zuciyarta. Gidan da suke ciki a cikin gari na gado ne, su da iyalan 'yan'uwansa. Banɗaki yana can ƙarshen tsakar gida, in an yi ruwa sai ta riƙe shi suna tsallake taɓo, ga dakalin ƙofar ɗaki da kullum ƙafarsa ta dama ke tuntuɓe da shi. A nan kuwa ta ga yana tashi shi kaɗai ya tafi banɗaki ya dawo, daɓe shimfiɗe, bango kusa da hannunsa. Ta ga yana cin abincin da ta ƙullo musu har ya suɗe kwano. Ta riƙa kallon kicin ɗin da wani ido daban, tana cewa a ranta nan tukunya za ta zauna, can buhun shinkafa. Ba ta gaya wa kowa ba, ko 'yarsu Afra da ke aure a Kano da suke waya kullum.

Da aka gama na ƙasa sai aka zo kan na sama. Tun kafin ya kwanta Malam ya riga ya ja layi da fensir a bango, miƙaƙƙe daga kusurwa zuwa taga, inda gindin kabad ɗin zai zauna, da 'yan lambobi a gefe cikin kyakkyawan rubutunsa na allo. Murja ta tsaya a gaban layin ta ɗaga hannu. Ita gajeruwa ce. In aka kafa su a nan, hawa na farko kaɗai za ta iya kaiwa, sauran sai da kujera. Ta ɗauki fensir da lebur, ta sauko ƙasa da layinsa kamar tsawon tafin hannu, ta fara jan wani.

Sanda ta bugi ƙasa sau biyu. Ta yi kamar ba ta ji ba. Sandar ta sake bugawa da ƙarfi. Ya nuna layinsa, ya yi ta kokawa da kalmomi har ya haɗa abin da ta gane: wannan shi ne awon da ake yi ko'ina, masu haya dogo da gajere duk da shi suke aiki, ba a taɓa shi.

Ta ajiye lebur ɗin a kan kabad, ta juyo.

"Malam, ba 'yan haya ne za su shiga nan ba. Mu ne."

Ta ci gaba, tunda ta riga ta fara, ta gaya masa zancen taɓo da dakali, da yadda take kwana da fargabar ya sake faɗuwa a hanyar banɗaki. Ta ce ɗaya ɓangaren ya isa a ba da haya. Ya ɗaga sandarsa ya nuna sama, wajen dakin, inda rodin suke. Ta gane tambayar. Ta ce, a hankali, saman yana nan, ba inda zai je, in Allah ya kawo mai ƙarasawa a ƙarasa.

Abin da ya ji ke nan, mai ƙarasawa. Ya jawo akwatin kayan aiki da ƙafarsa mai lafiya ya rufe murfin. Suka zauna har Jamil ya yi hon a waje.

Kwanaki suka wuce ba su koma ba. Da safe in Jamil ya leƙo sai Malam ya girgiza kai. Murja ta koma kan kekenta, ɗinkunan mutane sun taru. Tana taka keken tana juya maganar. Ba ta ga ƙarya a abin da ta faɗa ba, amma ta gane abin da ta taɓa. Muddin layin nan yana inda ya ja shi, to ginin yana nan yadda ya tsara, ciwon kuma baƙo ne da zai tafi, shi zai koma ya hau sama da bulo a kafaɗa. Ita kuwa ta zo da fensir ta ce masa ba haka ba ne. Ta tambayi kanta ko da ta bari an kafa su a layinsa, ta riƙa hawa kujera har ƙarshen rayuwarta, me zai ragu da ita. Wani lokacin ta ga ba komai. Wani lokacin kuma sai ta tuna shekarun da ta yi tana girki a durƙushe a rumfar tsakar gida, mijinta yana ƙera wa matan wasu kicin, bai taɓa tambayarta yadda take son nata ba, ita ma bai taɓa zuwa mata a rai ta tambaya ba. Ba haushi take ji ba. Mamaki take yi yadda mutum biyu za su yi zama mai daɗi haka, a ce akwai abin da bai taɓa shiga tsakaninsu ba.

Ranar wata Juma'a da yamma aka yi yayyafi na bankwana da damina. Malam ya tashi zai zaga, ta miƙe za ta riƙe shi, ya ɗaga mata hannu ya ce ta zauna. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa yana ratsa tsakar gida, yana dafa sanda a taɓo tana nutsewa yana zarewa. Matan gidan suka yi shiru da hirarsu, kowa ta kawar da kai don kada ya ga ana kallonsa. Bai faɗi ba. Ya je ya dawo, gumi ya jiƙa masa riga, ya zauna a bakin gado yana haki, takalminsa ya yi nauyi da laka. Ta durƙusa ta cire masa. Yana kallon ƙeyarta ya ce, "Gobe. Jamil."

Da suka shiga kicin ɗin bai nufi kujerarsa ba. Ya je gaban bangon ya jingina kafaɗarsa, ya yi mata alama ta zo ta tsaya. Ya ce ta ɗaga hannu. Ta ɗaga. Ya ce ta yi kamar za ta sauko da tukunya. Ta yi, tana jin wata irin kunya kamar ta amarya, ita da ta aurar da 'ya. Ya dube ta tun daga ƙafa har yatsu, a natse, yadda yake duban katako kafin ya sa zarto. Sannan ya karɓi fensir da hannun hagu ya yi wata 'yar alama a bango, karkatacciya, tana rawa. Ta ɗan fi layin da ita ta fara ja tsawo, ta kuma yi ƙasa da nasa na da. Ya nuna mata dalili: in aka sauko fiye da haka, babbar tukunya ba za ta shiga tsakanin na sama da na ƙasa ba. Ta auna da tef ta ga haka ne.

Ta ɗauki tsumma za ta goge tsohon layin, ya ce ta bari, kabad zai rufe shi.

Ɗaga na saman ya fi ƙarfinta, don haka ranar Jamil bai tafi shago ba. Ya tuɓe babbar riga, ya tallafo kabad na farko ya manna da bango, yana nishi yana cewa a yi sauri, shi hannunsa bai saba da abin da ya wuce kwalbar allura ba. Murja ta hau benci da injin. Malam ya matso ya tura kafaɗarsa ta hagu ƙarƙashin gindin kabad ɗin, ya tokare. Ta buɗe baki za ta hana shi, sai ta fasa. Idonsa yana kan kumfar lebur. Da ta tsaya a tsakiya ya ce, "Yanzu," kalmar ta fito tas, ita kuma ta danna.

Sai da suka kai la'asar kafin na ƙarshe ya hau. Jamil ya zube a kan buhun siminti yana shan ruwa, yana kallon matar yayansa tana ɗaure marfuna. Ya ce shi dai ba zai ba da labarin nan a kara ba, don ba wanda zai yarda. Marfi ɗaya ya ƙi zama daidai, ya ɗan sunkuya, in an rufe sai ya bar siririyar kafa. Ta kwance ta sake ɗaurewa, bai gyaru ba. Ta dubi Malam tana jiran bugun sanda. Ya daɗe yana kallon marfin, sannan ya ɗaga kafaɗa ya nemi kujerarsa.

Sun tare bayan an gama girbi. 'Yan'uwansa ba su so ba da farko, suka ce barin gidan gado ga mara lafiya kamar an kore shi ne, sai da ya buɗe baki da kansa ya ce shi ya so. Afra ta zo daga Kano da kwanuka da labule, ta yi ta buɗe marfuna tana rufewa, tana tambayar wane kafinta ne ya yi aikin. Da aka gaya mata ta zauna a ƙasan kicin ɗin ta yi ta kallon uwarta kamar ranar ta fara ganinta.

Wani malamin jami'a ya zo duba ɗaya ɓangaren, ya ce ya yi masa, sai dai kicin ɗin fayau yake, ko kanta babu. Da ya tafi Murja ta tarar da Malam a falo ya ɗora wani guntun kwali a gwiwa, yana zane da hannun hagu, layukan suna karkacewa yana sake bi. Ya miƙo mata. Kabad ne, guda uku a ƙasa, biyu a sama. Ya nuna zanen, ya nuna ta.

"Kafawa daban, ƙerawa daban, Malam," ta ce. "Ga kuma ɗinkin mutane, bikin gidan ƙawata Rahinatu ya matso."

Ya ce bayan biki. Ta ce za ta duba. Ta ɗauki kwalin ta matsa kusa da taga tana karkata shi ga haske, ta tambaye shi wannan layin na gefe marfi ne ko durowa, don ita ba ta gane ba.